Tsohon da Ya Warke a Waya

Duk mai babbar waya tsakanin Gumel da Maigatari ya taɓa ganin Malam Gudaji, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan mai farar riga da ke zaune a bayan tebur, riƙe da kwalba mai koren murfi, yana cewa, "Ni dai tun da na fara shan ƙaron dashi na ajiye maganin asibiti, kuma alhamdu lillahi na warke." Mutane sun kalla, sun ce masha Allah, sun tura wa danginsu. Babu wanda ya ga ƙafafunsa, domin mai ɗaukar bidiyon ya san inda ya tsayar da wayarsa. Wadda ta san halin da ƙafafun nan ke ciki ita ce matar ɗansa, Rayhana, ita ma ba ganinsu ta yi ba, a takalmansa ta gane.

Bayan kaka aka kawo tsohon Gumel daga ƙauyensu na wajen Sule Tankarkar, jiri yana ɗibarsa. Likita ya ce hawan jini ne, ga kitse ya yi yawa a jininsa. Ya rubuta ƙwayoyi, na safe da na yamma. Mudathir, ɗansa na fari kuma mijin Rayhana, sana'arsa ke nan sayar da ƙaron itacen dashi, wanda ake daka shi a ɗura a kafso a ce yana narkar da kitsen jini. A gaban Rayhana ya tambayi likitan ko Baba zai iya sha. Likitan ya ce a kawo ya duba tukuna, amma ko me za a sha, kada a kuskura a tsayar da waɗannan ƙwayoyin. Mudathir ya ce to, har da godiya.

Ba a daɗe ba ya shigo ɗakinta da ledar maganin ya ajiye mata a kan cinya.

"Ɓoye wannan a wajenki. Daga yau kafso za ki riƙa sa wa Baba a faranti."

"Abban Jannat, likita fa ya ce kada a tsayar."

"Likita ya faɗi abin da aka koya masa. Ina tsaye a kasuwa ina ce wa mutane ga magani, sannan a ji mahaifina yana shan na wasu? Ke in ke ce za ki saya?" Ya sassauta murya. "Gwaji ne kawai. In bai yi ba, ai ga su nan a hannunki, sai a koma."

Wannan "sai a koma" ita Rayhana ta riƙe. Ta taka kujera, ta tura ledar cikin wata kwalla a saman sif, ta rufe.

Gidan nan gida ne na kunya, kuma da haka ake yabonsa a unguwa. An sauki Malam Gudaji a ɗakin da ke jikin zaure, da labule mai ruwan ƙasa a ƙofa. Rayhana ba ta taɓa ɗaga labulen nan ba. Takan durƙusa daga waje ta gaishe shi, ta tura faranti ta ƙasa, ta tashi. Shi kuma bai taɓa kiran sunan Mudathir ba, kunyar ɗan fari. In zai ambace shi sai ya ce "wancan", in ya shigo sai ya kau da kai ya amsa gaisuwa a taƙaice. Mata in sun zo barka ko suna sai su ce, "Kai, Rayhana akwai alkunya, irin ta mutanen da." Takan ji daɗi. To, da wannan alkunyar aka kwantar da tsoho, ana ta yabo.

Kullum da safe in tana sharar bakin zaure sai ta ɗaga takalmansa ta share ƙasa ta mayar. Takalman fata ne na Maigatari, masu maɗauri a sama. Wata safiya ta tarar an tsaga maɗaurin da reza. Bayan 'yan kwanaki ta tarar an ƙara tsagar har kusa da gindi. Daga nan sai takalman suka daina motsi daga inda ta ajiye su, tsohon silifas ɗin Mudathir ya maye gurbinsu. Tuwo ya fara dawowa an ɗan taɓa gefe. In yana alwala a bakin ƙofa tana jin numfashinsa daga madafa, kamar mai hawa tudu da kaya. Masallacin da ke ƙofar gida ma ya gagare shi, sai dai ta ji kabbararsa daga ɗaki, kuma ba ta jin motsin tashi da durƙuso.

Ta gaya wa Mudathir yana cin abinci.

"Ƙafar Baba ta kumbura. Takalmansa ba sa shiga."

"Madalla," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Kitsen ne yake narkewa. Ai dole ya sauka ƙafa kafin ya fita."

"Yana kuma ɗaure kai da rawani ko a gida. Ina jin ciwon kai ne."

"Magani ya kama aiki ke nan. Kowa haka yake yi da farko."

Abin da yake faɗa wa masu saye ke nan in sun dawo da ƙorafi, ya faɗa ya faɗa har kunnensa ya saba, ya zama shi ma ya yarda. Mudathir ba mugu ba ne irin wanda za a nuna da yatsa. Yana sayo wa mahaifinsa tsire, yana kai rigunansa wajen mai guga, ranar Juma'a yana fesa masa turare. Abu ɗaya ne kawai ba zai yi masa ba, shi ne abin da zai taɓa kasuwarsa.

Ranar Alhamis kuwa, ranar kasuwar Maigatari, tun da hantsi ake shirya tsohon. A sa masa farar riga da hula, a ɗora shi a Keke zuwa tasha, a kai shi rumfar Mudathir a zaunar a bayan tebur. An shimfiɗa wa teburin zane har ƙasa. Lasifika tana ta maimaita muryarsa, shi kuma yana zaune a ƙarƙashinta, duk wanda ya tambaya sai a nuna shi a ce, "Ga shi nan da ransa, ku tambaye shi." Sai yamma liƙis a dawo da shi, Rayhana ta ji yadda yake jan ƙafa a zaure, ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Wata la'asar ta durƙusa ta tura farantin da kofin ruwa, tana shirin tashi, sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Yarinya."

"Na'am, Baba."

Sannan ya ce, a hankali, kamar mai roƙon abin da ba nasa ba, "Ƙananan fararen nan na asibiti, sun ƙare ne?"

Labule ne kawai tsakaninsu. Ledar tana can saman sif, ko rabi ba a sha ba. Rayhana ta tuna fuskar Mudathir, ta tuna cewa in ta ce suna nan, ta tona asirin ɗa a gaban mahaifinsa, ita da ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba.

"Sun ƙare, Baba."

"To," in ji shi. "To, ba komai. Allah ya yi miki albarka."

Wannan albarkar ta fi zagi ciwo. Ta koma madafa ta zauna a kan turmi, 'yarta Jannat tana barci a bayanta, ta rasa abin da ke mata daɗi. Washegari ta taka kujera ta sauko da ledar, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta ajiye kusa da kafson. Har ta kai bakin zaure ta tsaya. In ya gani fa? Jiya ta ce sun ƙare. Zai san surukarsa ta yi masa ƙarya, kuma zai san wanda ya sa ta. Ta ɗauke ƙwayar ta ƙulle a bakin zane. Kunyar ƙaryar jiya ta sa ta ƙara ta yau, haka kuma aka ci gaba.

Ummu, ƙanwar Mudathir da ke aure a Gagarawa, ta zo duba shi. Ita 'ya ce, kai tsaye ta ɗaga labule ta shiga. Ba ta jima ba ta fito idonta jawur.

"Yaya, ka ga ƙafar Baba kuwa? In ka danna yatsa sai ya lotsa. A mayar da shi asibiti."

"Ke da kika zo da hantsi za ki koma da la'asar, ke za ki gaya mini yadda zan riƙe shi? Wa ke ci da shi? Wa ke sha da shi? Shiga ki tambaye shi da bakinki."

Ta koma ta tambaya. Rayhana tana jin amsar daga tsakar gida.

"Ina samun sauƙi, Ummu. Wancan yana ƙoƙari. Kada ki tayar da magana."

Me ake so ya ce? Mutumin da bai taɓa kiran sunan ɗansa ba saboda kunya, shi zai buɗe baki ya ce ɗan nan yana kashe shi? Mudathir ya san haka sarai, shi ya sa kullum yake cewa a tambaye shi.

Ummu ta biyo Rayhana madafa ta rage murya. "Don Allah, Maman Jannat, yana shan na asibitin kuwa?"

Rayhana ta sunkuya tana gyara itacen da bai buƙaci gyara ba. "Ki tambayi yayanki."

Ummu ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, ta ɗauki jakarta. A hanya ta biya ta wajen Kawu Ɗantala, ƙanen mahaifiyarsu, ta kai ƙara. Kawu ya zo da yamma, ya zauna a zaure, aka kawo masa fura. Ya ce shi dai a saninsa dashi ba baƙon abu ba ne, da shi kakanninsu suka yi shinge, da ƙaronsa suka yi turare da magani, ba a taɓa jin ya kashe kowa ba. Ya ce kumburin ƙafa kuma tsufa ne. Ya ce tsakanin ɗa da mahaifi mutum ba ya shiga. Babu wanda ya ce masa ba a kan dashi ake magana ba, a kan abin da aka ɗauke ne. Da zai tafi Mudathir ya ba shi kwalba ɗaya kyauta, ya sa a aljihu yana sa albarka.

Alhamis ɗin da abin ya faru, Rayhana tana wanke kwanuka kusa da zaure ta ji muryar Baba da ta Mudathir.

"Yau da an bar ni na huta," in ji tsohon. Iyakar abin da ya taɓa roƙa ke nan tun zuwansa.

"Baba, yau fa akwai baƙi daga Damagaram, takanas don ku za su zo. Zama ne kawai. Da azahar zan sa a dawo da ku."

"To," in ji tsohon.

Rayhana ta miƙe da kumfar sabulu a hannu. Taku kaɗan ne zuwa zauren. Kalma ɗaya za ta faɗa. Ta ji ƙarar Keke a waje, ta ji ana tallafa shi, ta ji ƙofa ta rufu, tana nan tsaye ruwa yana ɗiga daga yatsunta.

Ba a kai azahar ba. Wani baƙo yana tambayarsa yadda yake ji, ya buɗe baki zai amsa, bakin ya karkace. Kwalbar ta suɓuce daga hannunsa, ya sulale gefe ya ja zanen teburin ya faɗi da shi. Mutanen da suka taru suka ga ƙafafun a karon farko. Lasifika kuwa ba wanda ya tuna ya kashe ta.

A asibiti likita ya ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma sai abin da Allah ya yi. Ya dubi waɗanda ke tsaye a bakin gado, Mudathir da Ummu da Kawu, da Rayhana can baya ta ja hijabi har goshi.

"Wa ya tsayar masa da magani?"

Sai Mudathir ya ce, "Likita, ka san halin tsofaffi. Shi ya ce ya gaji da sha."

Likitan ya sunkuya. "Baba, haka ne? Kai ka ƙi sha?"

Malam Gudaji bai dubi ɗansa ba, bai taɓa dubansa a gaban mutane ba. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya sauke. Ya amsa laifin. Likitan ya girgiza kai ya yi masa faɗan da ake yi wa yaro mai taurin kai, tsohon yana kwance yana saurare, yawu yana bin gefen bakinsa. Rayhana ta cusa bakin hijabi a baki.

Da aka dawo da shi gida, sai tambayar wa zai yi jinya ta taso. Ummu tana da miji da yara a Gagarawa, ta yi 'yan kwanaki ta koma. Kawu ya ce ƙaddara ce, kowa da irin jarrabawarsa. Mudathir ya ce rana ce ta buge shi a kasuwa, kuma yanzu da kuɗin asibiti ya ƙaru ai ba zama ya kama shi ba. Wani maƙwabci ne ke shigowa safe da yamma ya kama shi zuwa bayi. Sauran duk ya faɗo kan Rayhana.

Haka ta ɗaga labulen. Ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. Ita ke tallafo kansa ta jingina da filo, ita ke ba shi kunu da cokali, ita ke goge abin da ya zubo a gemunsa, ita ke murza sabuwar ƙwayar da asibiti ya bayar a ruwa ta ɗura masa. Kunyar da ta hana ta faɗin kalma ɗaya ta tafi gaba ɗaya a yini guda, kuma ba ta tafi da komai ba sai lafiyar tsohon. Wani lokaci in tana shafa masa mai a hannun da ya mutu sai hawaye ya zubo mata, shi kuma ya kau da kai bango don kada ta ji nauyi.

Mudathir ne yanzu ba ya shiga. Yakan tsaya daga bayan labule da safe ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" ya ɗan jira amsar da ya san ba za ta zo ba, ya fita da sauri. Ya rame, ba ya cinye abincinsa. Amma bidiyon yana nan yana yawo. Da Rayhana ta ce ya goge, sai ya ce, "Ai lokacin da aka ɗauka lafiyarsa ƙalau. Kuma ko na goge nawa, na hannun mutane fa?" Kwalaben ma suna nan jibge a kwali a zaure, ana zuwa saye har gida.

Wata Alhamis da hantsi, Mudathir yana Maigatari, Rayhana tana ba Baba kunu, aka yi sallama a zaure. Ta ajiye kofin ta leƙo. Wata mata ce da jakar tafiya, ƙafafunta duk ƙura. Ta ce sunanta Rahamatu, daga tsallaken iyaka take, an yi mata kwatancen gidan mai ƙaron dashi.

"Maigidan yana kasuwa," in ji Rayhana.

"Na sani, cunkoson ne ba zan iya ba, aka ce ana samu a gida. Mahaifina ne ba lafiya, irin ciwon tsohon nan." Ta ciro waya ta danna. Muryar Malam Gudaji ta cika zauren, garau, tana cewa ya ajiye maganin asibiti kuma ya warke. "Kin gani? Tun da ya kalli wannan ya ce shi ma ya gama da ƙwayoyin lokotoro, na asibiti. Na baro ƙanena zai zubar da su. Kwalba biyu nake so. Shi tsohon yana nan garin kuwa? Da na gan shi na kai wa Baba labari."

Kwalin yana nan kusa da ƙafar Rayhana. Abu mai sauƙi ne ta miƙa kwalba biyu matar ta tafi, ba wanda zai ce ta yi laifi. Ta san kuma abin da zai biyo baya in ta faɗa mata gaskiya, domin labari irin wannan kafin la'asar ya isa rumfar Mudathir, kuma ba lallai ta kwana a gidan ba.

"Ina zuwa," ta ce.

Ta koma ɗakin ta durƙusa a gaban katifar. Baba ya ji komai, muryarsa ce. A karon farko tun da aka kawo ta gidan nan, ta dube shi cikin ido.

"Baba, in shigo da ita?"

Tsohon ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Mutum ne da ya amsa laifin da ba nasa ba don ya rufa wa ɗansa asiri. Sannan ya ɗaga hannun hagu, mai rai, ya janye tawul ɗin da take rufa masa a haɓa, ya ajiye gefe.

Rayhana ta miƙe ta yaye labulen gaba ɗaya, ta rataye shi a kan ƙofa.

"Shigo. Ga shi nan."

Rahamatu ta tsaya a bakin ƙofa, wayar tana hannunta, bidiyon ya koma farko yana sake faɗin alhamdu lillahi. Ta dubi fuskar da ke waya, ta dubi wadda ke kan filo. "Innalillahi," ta ce, ta kashe.

"Ba shi ya ajiye maganin ba," in ji Rayhana. Da matar take magana, amma ba don ita take faɗa ba. "Ɗauke masa aka yi. A ɗakina yake, cikin kwalla, har yanzu. Ya tambaye ni da bakinsa, na ce masa ya ƙare."

Matar ta juya zaure tana laluben lamba. Suna jin ta tana ɗaga murya, "Yazid? Ka zubar? Kada ka zubar! Ka ba shi yanzu, yanzun nan, ina tafe."

Rayhana ta koma ta durƙusa, ta kasa ɗago kai. Kunun ya fara hucewa. Ta ɗebo a cokali ta miƙa, ba ta sani ba ko zai karɓa daga hannunta bayan abin da ya ji.

Malam Gudaji ya dube ta, hawaye yana gangarowa ta gefen da ya shanye. Ya buɗe baki, ya karɓi kunun.